Wasiyya Ba Ta Masu Kuɗi Kaɗai Ba Ce



Sau da yawa idan aka ɗauko zancen wasiyya a makarantar Islamiyya, sai ki ji wata ta yi dariya ta ce, "Malama, ni me na ajiye? Daga tukwane sai keken ɗinki." Wata kuma ta ce kar a yi mata fatan mutuwa. To 'yar'uwa, rubuta wasiyya ba ya jawo ajali, ƙin rubutawa kuma ba ya ƙara kwana.

A unguwarmu wata baiwar Allah ta rasu, ita ce uwar adashi. Mata goma sha biyu ke zubi a hannunta, lissafin duk a kanta yake. Wadda ta kwasa da wadda ba ta kwasa ba, ita kaɗai ta sani. Ga 'yan kunnen zinare da maƙwabciya ta ba ta ajiya, aka tsince su a akwatinta aka haɗa da kayan gado. Kafin a tashi zaman makoki, matan da suka shekara suna cin tuwo kwano ɗaya sun daina gaisawa. Marigayiyar mutuniyar kirki ce, rubutu kawai ta rasa.

Shi ya sa a hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Malamai sun ce tana zama wajibi ga wanda ake bi bashi ko yake riƙe da amanar da babu mai shaida a kanta. Kin ga ke nan talaka ma ya fi buƙatarta, don shi ne mai cin bashin gero, shi ne mai karɓar ajiya ba takarda. Kuma bashi ake fara biya bayan hidimar jana'iza, sannan wasiyya, sannan gado. In ba a san bashin ba, magada su ci haƙƙin wani, ke kuma yana wuyanki.

Akwai kuma waɗanda shari'a ba ta ba su gado ba, amma kin san suna da haƙƙin tausayi a kanki: 'yar riƙon da ta yi miki jinya, agolan da kika raina, jikan da mahaifinsa ya riga ki rasuwa alhali baffanninsa suna raye. Ta wasiyya za ki tuna da su. Iyakarta sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya yanke wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya ba da mafi yawan dukiyarsa. Ba a yin ta ga magaji, sai in sauran magada sun yarda. Kada ki raina: in naira 30,000 kika bari bayan bashi, 10,000 ce sulusi, kuma a wurin maraya ba ƙaramin abu ba ne.

Yin ta ba wuya. Ki samu takarda, da boko ko ajami, in ba ki iya ba ki sa a rubuta miki. Ki faɗi wanda ke bin ki da wanda kike bi, ajiyar mutane, tunkiyar da ke kiwo a ƙauye, kuɗin banki, da kayan da suke naki daban da na maigida ko abokiyar zama. Ki sa kwanan wata, ki kafa shaidu biyu adilai. Muddin kina raye, kina iya sauya ta duk lokacin da hali ya sauya.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya raba mu da haƙƙin mutane. Amin.