Rumbun Da Bai Ƙirga Maƙwabci Ba



'Yan'uwa, mu a nan idan aka ce mura ba ma ɗaukarta ciwo. A dafa shayi da citta da kanumfari, a lulluɓa da bargo, gobe a fita nema. A mafi yawan shekaru haka ɗin ne. Amma ƙwayar mura tana sauya kama, kuma lokaci zuwa lokaci takan zo da nau'in da jikin ɗan Adam bai taɓa haɗuwa da shi ba. Ta yi haka a 1918, ta sake a 1957 da 1968, sannan a 2009. Murar tsuntsaye kuwa, wadda likitoci ke tsoron ranar da za ta fara yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, a wata gonar kaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, cikin Fabrairun 2006. To ka ga ba labarin wata duniya nake kawo muku ba.

Ta 1918 ita ce babba. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum miliyan 50 a duniya. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas cikin Satumban shekarar, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake, kafin shekara ta ƙare ta iso ƙasar Hausa. An ƙiyasta cewa Najeriya ta rasa kusan mutum dubu 500, alhali jama'ar ƙasar duka ba su wuce wajen miliyan 18 ba a lokacin. Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinta shi ne waɗanda ta fi ɗauka. Murar da muka sani tsofaffi da jarirai take kayarwa. Waccan kuwa majiya ƙarfi ta fi kashewa, 'yan shekara 20 zuwa 40. Wato mai noma, mai zuwa kasuwa, mai girki, mai shayarwa, mai haƙa kabari. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa a yankin kogin Neja ta kudu, ƙarancin masu ƙarfin noman doya bayan annobar yana cikin abin da ya tura mutane ga noman rogo, saboda rogo ba ya cin ƙarfi kamar doya. Cuta ce ta 'yan watanni, amma sai da ta canza abin da al'umma ke ci.

A birnin Filadelfiya na Amurka, hukuma ta bari aka yi wani babban jerin gwano ranar 28 ga Satumba, 1918, mutum kusan dubu 200 suka cika titi. Cikin kwana uku gadajen asibitocin garin suka cika. Daga nan akwatin gawa ya yi ƙaranci, gawa ta riƙa kwanaki a gida babu mai ɗauka. A wasu ƙauyukan ƙasar an samu rahoton marasa lafiya da yunwa ta galabaita, alhali akwai abinci a gari. Masu lafiya ne suka ji tsoron kusantar ƙofarsu. Wannan wurin nake so mu tsaya. Cuta tana kashe wanda ajalinsa ya zo. Amma wanda zazzaɓi ya kayar, da shi da matarsa a rana ɗaya, yara uku suna kuka, randa babu ruwa, wannan ba mura ce kaɗai ke barazana gare shi ba. Ƙofar maƙwabcinsa da aka rufe ita ma tana cikin lissafi.

Mu ma mun ɗan ɗanɗana. A 2020 an yi kulle na 'yan makonni saboda korona, wadda ba ta yi mana ko kusa da ɓarnar 1918 ba. Me muka gani? Ɗan adaidaita da mai tura baro da mai sayar da ruwa, waɗanda sai sun fita ake ɗora tukunya, suka wayi gari ba ko kwano ɗaya. Kuɗin mudu ya tashi. Cikin Oktoban shekarar jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da wasu garuruwa. Ba ina halatta fashe ba, haramun haramun ne, amma mai hankali ya kamata ya tambayi kansa: idan wannan ƙaramar jarrabawa ta kai mu nan, babba fa?

Na san wani zai rubuto a ƙasa cewa, Malam, wannan ai rashin tawakkali ne, abin da Allah Ya ƙaddara sai ya faru. Ɗan'uwana, gaskiya ne sai ya faru. Amma wa ya fi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, tawakkali? Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya fassara mafarkin sarki, shawarar ajiya ya bayar: a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan. Sayyidina Umar da ya kai Sarg a hanyarsa ta Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, shawara ya yi da sahabbai sannan ya juya da mutane. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk wanda ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Saboda haka tanadi ba ya cin karo da imani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai akwai tanadi, akwai ɓoye, kuma shari'a ta raba su. Annabi ya kira mai ɓoye abinci don ya yi tsada mai saɓo. Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya kawo bayanin malamai cewa idan ana cikin yalwa, mutum zai iya sayen abincin shekara daga kasuwa. Amma idan an shiga ƙunci, sai ya sayi abin da ba zai matse Musulmi ba, kamar na 'yan kwanaki ko na wata. Ku lura da kyau. Buhu goma ɗin da ka saya da kaka, hatsi yana zube a Dawanau, halal ne, har ma hankali ne. Buhu goman nan dai idan ka je ka kwashe su ranar da aka yi shelar annoba, kana tsaye da kuɗinka a gaban matar da ta zo da kuɗin rabin mudu, hukuncinsu ya canza. Lokacin tanadi yanzu ne, da ake lafiya. Ɗan kasuwar da ke jiran mutane su kwanta ciwo ya buɗe sito kuwa, ya ji tsoron Allah, wallahi wannan riba wuta ce.

To me za a ajiye? Abin da gidanku ya saba ci ne, wanda ba ya saurin lalacewa: gero, dawa, masara, shinkafa, wake, garin rogo, gishiri, mai, daddawa, busasshiyar kuka da kuɓewa. Sabulu da ashana da gawayi ko itace. Ruwa ma a yi masa dabara, domin idan masu tura kura suka kwanta, unguwanni da yawa sun shiga uku. Wake a zuba shi a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda a ciki, a toshe iska, ƙwari za su mutu da kansu; don Allah a daina barbaɗa masa guba, kada a tsere wa mura a faɗa wa abincin da aka ajiye. Wanda ba shi da hali, kada ya ce wannan zancen masu kuɗi ne. Kwano ɗaya a mako idan ka daure, wata shida ka tara abin da zai riƙe ku 'yan makonni. Iyayenmu mata sun san wannan tun da, sukan ɗebi ɗan hannu daga awon yau su zuba a tukunyar da ba a taɓawa.

Magani kuma, a samu farasitamol don zazzaɓi, a kiyayi ba yara asfirin idan suna mura, yana iya yi musu mummunar illa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke saya a kemis kamar gyaɗa ba ya kashe ƙwayar mura, sai likita ya ga wata cuta ta hau kai sannan ya rubuta. Kowace uwar gida ta haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko asma ya yi ƙoƙari kada maganinsa ya riƙa ƙarewa ƙaf kafin ya sayo wani. A ware wa mara lafiya ɗaki ko lungu mai iska, mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa da takunkumi, yana wanke hannu. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko leɓe ya canza launi, ko yaro ya kasa sha, wannan ba na gida ba ne, a nufi asibiti.

Yanzu ga inda na ɗauko taken rubutun nan. Idan ka zauna lissafin bakin da za su ci daga rumbunka, ka ƙara na gidan da ke jikin katangarka. Annabi ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, saboda idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya, su raba daidai da ƙwarya ɗaya. Har ya ce shi nasu ne, su nasa ne. A shekarar yunwar nan da ake kira Amur Ramada, wajen shekara ta 18 bayan hijira, mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama har jama'a su samu, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya jinkirta karɓar zakka, bai yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata ba. An ruwaito cewa ya yi niyyar, idan abin bai yi sauƙi ba, ya haɗa kowane gida da baƙi daidai yawan mutanen gidan, domin rabin ciki ba ya kashe mutum. Madina ba ta wargaje ba a shekarar, kuma ba don abinci ya wadata ba ne.

Mai tunanin zai tara buhu ɗari ya ja ƙofar ƙarfe ya zauna lafiya a tsakiyar unguwar da ke kwana da yunwa, bai san mutane ba. Ko ba don lada ba, ko don tsaron kansa, ciyar da maƙwabci ya fi masa kwaɗo.

Shi ya sa nake roƙon limaman unguwa da masu unguwanni, wannan aikin naku ne kafin na gwamnati. Ku san gidajen zawarawa da marayu, da tsohon da 'ya'yansa suke Legas ko Fatakwal, da makarantar allo mai almajirai sittin da ke rayuwa da bara; ranar da aka rufe ƙofofi su ne farkon waɗanda za su kwana da yunwa. A samu wani abu a asusun masallaci da aka keɓe wa hatsi, ba duka a tayil da fanka ba. A san nas ko ma'aikacin lafiya nawa ne a unguwa. A raba matasa, kowa da gidajen da zai riƙa ƙwanƙwasawa da safe. Ba sai ya shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ji an amsa, ya ajiye kunu ko jarkar ruwa. Tsare kai daga cuta daban, yasar da ɗan'uwa daban.

Wanda ya kamu, ya yi sallarsa a gida. Addinin da ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa zuwa masallaci don kada ya cutar da mutane da wari, yaya zai so ka zo sahu kana tari a fuskar dattijo? Ibn Abbas ya sa ladaninsa ya yi shelar a yi salla a gida ranar Juma'a saboda ruwan sama da taɓo, kuma ya ce wanda ya fi shi ya aikata haka.

Sai janaza. Farilla ce ta kifaya, idan kowa ya gudu kowa ya yi laifi. A unguwanni da yawa masu wankan gawa mutum biyu ne ko uku, duk tsofaffi, na mata ma wani lokaci sai an aika wata unguwa. Idan su suka fara kwantawa fa? A koyar da matasa maza da mata tun yanzu, a tanadi safar hannu da takunkumi da yadin likkafani a masallaci, a kuma tambayi ma'aikatan lafiya yadda ake yi ba tare da an ɗauki cuta ba. Duk wanda ya karanta wannan, ya kai maganar wurin limaminsu bayan sallar Isha'i a makon nan, a fara da rubuta sunayen gidaje.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu daga annoba, Ya jiƙan magabatanmu.