Izinin Wa Za a Nema a Bakin Bakolori?

A ce masunci a ƙasar Maradun ya gaji da tura kwalekwalensa cikin taɓo, sai ya yanke shawarar zuba siminti a gaɓar tafkin Bakolori, ya yi gangaren da zai riƙa sauke jirgi. Kuɗinsa ne, guminsa ne, kuma nan kakanninsa suka yi su. Ya wajaba a kansa ya nemi izinin wani?

A doka dai amsar ba ta da wuya. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ɗora ikon duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun gwamnatin tarayya, Gulbin Sakkwato kuwa yana ciki. Ta bar wa kowa ya ɗebi na sha, ya shayar da dabba, ya yi su. Gini kuwa wani abu ne daban. Dokar 1997 da ta kafa hukumar NIWA ta hana gini a gefen hanyoyin ruwan tarayya sai da yardarta. Madatsar kanta tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Ina ganin wannan sharaɗi daidai ne. Gaɓa ba gonar mutum ɗaya ba ce. Inda masunci ya ga kwata, makiyayi mashaya yake gani, mai wanki kuma wurin shanya. Siminti yana karkata igiyar ruwa, ta koma cin gaɓar maƙwabci. Tun kafin zuwan takarda ma, ba a shiga ruwa haka kawai. Sarkin Ruwa ke faɗin inda za a tsaya da lokacin da za a yi su. Kifewar jirgin manoma a Gummi a watan Satumba 2024 ta tuna mana abin da ruwa ke yi idan aka bar shi babu mai tsawatarwa.

Amma a Bakolori akwai tsohon bashi. Da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a 1978, ruwa ya shanye gonaki da gidaje, aka tashi dubban mutane, aka yayyanka filayen Talata Mafara da Bakura don noman rani. Ba a nemi izinin masu ƙasar ba. Da suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu a watan Afrilu 1980. To yaya za a dubi jikan waɗannan mutane a ce ya cike takarda kafin ya zuba buhu goma na siminti?

Wannan tarihi bai soke buƙatar izini ba, domin zaluncin jiya ba ya ba ni damar toshe wa makiyayi mashaya yau. Abin da ya yi shi ne ƙara wa mai ba da izinin nauyi. A aikinmu na rubuta manhaja, idan ƙa'ida ta gagari mai amfani, ba ya barin aikinsa, kewaye ta yake yi, sai tsarin ya rasa sanin abin da ke gudana. Haka bakin ruwa yake. Izinin da sai an je birni, an bi ofis-ofis, an ba da na goro, bai kare kowa ba. Mai hali ne kawai zai mallaki gaɓa da shi.

Saboda haka masuncin ya nema, amma hukuma ta sauko bakin ruwa. A san kuɗin, a san ranar amsa, a faɗi dalili in an hana, a zauna da Sarkin Ruwa da arɗo da mai unguwa kafin a sa hannu. Mai neman a tambaye shi, shi ma ya koyi tambaya.