KOMA KA SĀKE DUBAWA

Karatu: 1 Sarakuna 18:41-46

Akwai wani gari a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, ana kiransa Gallabat. Yana kan iyaka, daura da garin Metema na Habasha. Tun ƙarni na 18 mutanenmu na Afirka ta Yamma masu tafiya Makka a ƙafa suke yada zango a can, waɗansu har suka zauna. Abincin yankin dawa ne, kuɗinsa riɗi, kuma yawancin gonakin da ruwan sama kaɗai suke dogara.

Da rani busasshiyar iska ce take hurowa daga arewa, 'yar'uwar hunturunmu. A watan Mayu baƙar ƙasar nan ta tsattsage, manomi ya ɗaga kai bai ga ko ɗigon gajimare ba. To, daga ina ruwan yake zuwa?

Masana yanayi sun bi sawun iska kamar yadda maharbi yake bin sawun nama. Sukan ba kwamfuta bayanan iska na shekara da shekaru, ta riƙa komawa baya kwana bayan kwana har ta kai inda iskar ta taso. Masu bincike a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway sun yi wa tsaunukan arewacin Habasha haka, waɗanda Gallabat take gindinsu, suka duba damunar 1998 zuwa 2008. Suka tarar laimar tana zuwa ta hanya uku: daga tekun Gini, daga tekun Indiya ta ratso tsakiyar Afirka, da kuma daga wajen Bahar Rum ta bi ta Bahar Maliya. Tafiya ce ta dubban kilomita, ta kwanaki da yawa.

Ka lura da wannan, ɗan'uwana. Ran da manomin Gallabat yake duban sararin sama fayau, yana cewa Allah ya manta da shi, mai yiwuwa iskar da za ta jiƙa gonarsa ta riga ta baro teku. Tana hanya, shi dai bai gan ta ba.

A karatunmu na yau, an yi shekara uku da wata shida ba ruwa a Isra'ila. Iliya ya hau Dutsen Karmel, ya sunkuya da fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa, ya aiki baransa ya duba wajen teku. Bahar Rum ɗin nan ce fa, wadda masana suka ambata. Baran ya dawo hannu wofi. Iliya ya sāke aikensa, har sau bakwai. Ni kam nakan tausaya wa baran nan. Hawan farko da sauƙi, na biyu ma haka. Amma na biyar da na shida, ƙafa ta gaji, kunya ta kama shi, ga maigidansa ya riga ya faɗa wa sarki Ahab ruwa yana zuwa. A na bakwai ne ya hango ɗan gajimare, girmansa bai wuce tafin hannu ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, dubban mutane sun bi ta Gallabat suka ƙetare zuwa Habasha, sun bar gida da gona. Waɗansunsu 'yan'uwanmu ne cikin Almasihu. Ba zan ce musu gobe kome zai daidaita ba, gama ba a ba ni ranar ba. Kai ma da kake addu'a saboda ɗanka da ya bauɗe, ko matarka da take kwance, ba ni da ranar da zan ba ka. Abin da Iliya ya ce wa baransa shi nake ce maka: koma ka sāke dubawa. Wataƙila yau hawanka na shida ke nan.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da manoman Gadarif da waɗanda yaƙi ya kora. Ka ba ƙafafuna ƙarfi in sāke hawa. Cikin sunan Yesu, Amin.