Shin Malami Ya Sauke Nauyi Idan Ya Faɗa Ba A Gane Ba?

Akwai wata mas'ala da ta cancanci malaman ƙasar Lambara, na zaure da na boko baki ɗaya, su dube ta da idon basira: idan malami ya biya darasi daidai, bai tauye ko harafi ɗaya ba, amma yaran da ke gabansa suka tashi ba su fahimci kome ba, shin ya sauke amanar da ke wuyansa, ko kuwa tana nan? Wasu sukan ce buɗi na Allah ne, nasu faɗi ne kurum. Lalle buɗi na Allah ne, babu mai jayayya. Sai dai a ganina isar da ilmi ba ya cika sai an yi wa mai sauraro magana gwargwadon hankalinsa, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce shi.

Ba sai mun yi nisa wajen neman hujja ba, ga Sifawa nan a ƙasar Boɗinga, inda Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har ya koma Sakkwato a 1815. Ɗansa Muhammadu Bello ya ruwaito a cikin Infaƙul Maisuri cewa idan Shehu zai fito wa jama'a yakan ɗan tsaya ya sabunta niyyarsa, sa'an nan ya fito da sakin fuska, ya yi sallama, ya nemi a yi shiru, ya yi haƙuri da marasa ladabin majalisi; kuma duk da zurfinsa a Larabci, sai ya tsara tauhidi da fiƙihu cikin waƙoƙin Fulatanci, aka mayar da wasu Hausa, domin makiyayi da manomi su samu rabo. 'Yarsa Nana Asma'u ta bi sawu, ta tura jajoji, wato malamai mata, zuwa ƙauyuka suna koya wa mata da waƙa. Haka ma Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 domin yara su riƙe garuruwa da koguna da tarihin ƙasarsu ba da wahala ba.

To, mene ne uzurin wanda zai juya wa yara baya, ya cika allo da Turancin da ba su ji, ya ce a kwafa? Kamata ya yi ya warware ma'ana da Hausa tukuna, ya jefa tambaya ga yarinyar da ke can baya wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ya kawo tiya da gero idan lissafi ake yi a auna a gani, ya sa wanda ya gane ya biya wa ɗan'uwansa, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo a gindin wutar kara tun kaka da kakanni.

Amma dorina, wadda wasu ke zaton ita ce haibar malami, Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya riga ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa tana kashe himmar yaro, tana koya masa ƙarya da yaudara. Yaron da ke jin tsoro zai ce ya gane alhali bai gane ba, malam kuwa ya wuce babi na gaba.