Wa Ya Rubuta Tarihin Kano?

Mai karatu, da ka ɗauki littafin soyayya, sunan marubuciya ka ke fara dubawa. To amma littafin da mu ke tinƙaho da shi kan sarakunan Kano, tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, ba shi da sunan kowa a kansa. Da Larabci aka rubuta shi. Bature H.R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1908, tun daga nan kuwa masana ke ta kai ruwa rana. Wasu su ka ce rubutun hannu da yawa ne, ana ƙarawa zamani bayan zamani. A 1994 kuma John Hunwick ya karkata ga cewa mutum guda ne ya tsara shi a zamanin Bello: Malam Barka, Ɗan Rimin Kano. Ɗan Rimi kuwa sarautar bayin sarki ce.

Nan fa ake yin ta. Na san akwai waɗanda da sun ji "bawa" sai littafin ya rage nauyi a idonsu. Ni kam ban ga dalili ba. Wa ya fi bawan fada sanin abin da ake faɗa a soro bayan an sallami jama'a? Sai dai sanin sunan ya kan sa ka karanta da ido biyu. Mai cin tuwon sarki, in ya zo kan kakannin sarki ko abokan gabarsa, ina alƙalaminsa zai nufa?

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon kai ba. Rashawa na da tsohuwar waƙar yaƙin Yarima Igor na 1185. Tsohon kwafinta ɗaya tilo ya ƙone a gobarar Mosko ta 1812, sai aka fara zargin ƙirƙirarta aka yi daga baya. Edward Keenan ya ce a 2003 wani malami ɗan ƙasar Cek, Dobrovsky, ne ya yi ta. Shekara guda bayan haka Andrei Zaliznyak ya bi nahawunta kalma-kalma, ya nuna da wuya wani mutumin ƙarni na 18 ya iya kwaikwayon harshen haka. Yawancin masana sun gamsu tsohuwa ce, amma har yau mawaƙin ba shi da suna.

Mu nan Zuru, a bikin Uhola, ba ka jin ana tambayar wa ya fara rera waƙa kaza. Ta kowa ce, ba a kuma cuci kowa ba, tunda ba mai sayar da ita. Fim fa? Mutum ya kwana uku ya na rubuta labari, a saye shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a fasta kuma sai fuskar jarumi da sunan furodusa. Ka tuna fim ɗin da ya sa ka hawaye kwanan nan. Jarumar dai na san ka riƙe sunanta. Wanda ya sa mata maganar a baki fa?