Wa Ya Kashe Tsuntsun Ƙarshe?

'Yan'uwa, akwai wani tsuntsun teku wanda ba wanda zai ƙara ganinsa da rai a duniyan nan. Turawa suna ce da shi Babban Auk. Mazauninsa tsibiran duwatsu ne na arewacin Tekun Atlantika, daga gaɓar Kanada har zuwa Aislan. Tsayinsa ya kusa ƙafa 3, bayansa baƙi, cikinsa fari. Ba ya iya tashi, gama fikafikansa ƙanana ne, amma cikin ruwa gwani ne ƙwarai. Macen kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, a bisa dutse.

A tsibirin Funk, kusa da Niyufanlan, dā suna taruwa dubbai. Masu jiragen ruwa sukan sauka su kwashe su domin nama, masunta kuma su yanka su su sa a ƙugiya. Daga baya masu neman gashin cusa matashi suka zo. Da yake babu itace a tsibirin, sai su hura wuta da gawar waɗansu, domin kitsensu, su dafa waɗansu su fige. Wajen shekara ta 1800 ba sauran ko ɗaya a can.

Ragowar suka fake a wani dutse kusa da Aislan. A 1830 aman wuta ya nutsar da dutsen, suka koma wani tsibiri mai suna Eldey. Sa'an nan masu tara abubuwan mamaki a Turai suka shiga neman fatarsa da ƙwansa, kuma yadda yake ƙara wuya, haka kuɗinsa yake ƙara hawa. A watan Yuni 1844 mutum uku suka hau Eldey, suka tarar da biyu suna kwanci. Suka maƙure su, ƙwan kuma ya fashe. Tun daga ran nan ba a ƙara ganin sheƙarsu ba.

To, laifin wa ke nan? Da sauƙi mu ɗora wa mutanen nan uku. Amma su biyu kaɗai suka kashe. Mai jirgi zai ce yunwa ce ta sa shi. Mai fige gashi zai ce abincin iyalinsa yake nema. Masani zai ce domin ilimi ya saya. Ba wanda ya tashi da nufin ya ƙare irin, kowa ya ɗauki kaɗan ne, yana cewa akwai saura. Da yayyafi kogi kan cika, da guga ɗaya ɗaya kuma rijiya kan ƙafe.

Mu dai muna gani laifi ba ya ɓacewa don an raba shi tsakanin mutane da yawa. Gaskiya ne an ba mutum iko bisa dabbobi da tsuntsaye, cin nama kuwa ba zunubi ba ne. Amma ikon nan irin na makiyayi ne wanda aka ba shi kiwo. Ya sha nono, ba mai hana shi. In ya cinye garken duka fa, me zai ce ran da mai shanu ya zo? Wanda ya sare itace yana iya dasa wani. Wanda ya ƙare iri ya ɓata abin da hannunsa ba ya iya yi, ya kuma ƙwace rabon jikokin da ba a haifa ba tukuna.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Dattawanmu sun san lokacin da ungulu take cika kowace mahauta. Yau a garuruwa da yawa sai a shekara ba a ga ɗaya ba, gama ana kashe ta ana sayarwa domin magani. Tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da suke bakin ƙarewa.

Saboda haka kafin mu ɗana tarko, ko mu sayi kan tsuntsu a kasuwa, bari mu tambayi kanmu: in kowa ya yi yadda muke shirin yi, me zai rage?