Wa Zai Maido Ki Gida?

'Yar'uwa, kafin ki hau motar kyauta zuwa taro, tambayi ta dawowa. Bara aka kwashe mu daga Kalgo zuwa filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi. Da magariba taro ya watse, motoci ko sama ko ƙasa. Ni dai na tari kabu-kabu, Kalgo ba nisa. Amma ga wata mai goyo daga Gwandu, ko sisi babu a haɓar zaninta, wani baƙo yana ta yi mata tayin mota. In ta shiga a zage ta, in ta ƙi ta kwana a titi. Laifin wa? Bakina yana cewa na waɗanda suka tara mu ne. Amma wallahi har yau ina jin kunyar wucewar da na yi na bar ta tsaye.